'Yar Mai Humra

Uwata humra take haɗawa a Agege.
Cikin ƙamshi aka yaye ni:
farce, sandal, gajiji,
kwalabe jere ƙarƙashin gado suna jiran su nuna.
In na gifta, ko ido rufe an san 'yar gidan wa ce.

Yau ga ni a hawa na tara, a Marina.
Wata 'yar na'ura a bango tana atishawa
duk bayan minti goma sha biyar,
fisss, lemon da bai taɓa ganin bishiya ba.
Ita ke atishawa, ƙirjina ke biya.
Tara da kwata, ido ya kawo ruwa.
Goma, an ɗaure mini haƙarƙari da igiyar guga.
Kafin azahar lambobin gabana sun fara iyo.

Mista Oyewole, turarensa kan riga shi sallama,
ya kuma zauna bayan shi ya tafi.
Ya ce, da dariya, ba da mugunta ba:
"Tasalla, ke da ke ratsa Oshodi kullum,
hayaƙin danfo bai kar ki ba, kwata ba ta kar ki ba,
sai ƙamshi?"
Ina da amsa.
Numfashin faɗarta na ƙarar a matakala,
don lif da safe kwalbar turare ce mai ƙofa.

Likita ya rubuta takarda. Ofishin ma'aikata ya miƙo fom.
Ga ɗan gurbi: kina da nakasa?
Biro ya daɗe tsaye a kansa.
Ƙafa biyu, ido biyu,
ba sanda, ba keke, ba abin nunawa.
Amma doka ba ta jin tari sai an rubuta mata shi.
Na sa alama.

Abin da na nema bai kai kuɗin shayin manaja ba:
a zare batirin na'urar nan,
a kai teburina ƙarshen baranda
inda taga ɗaya tak ke buɗuwa ta fuskanci ruwa,
a sauya maganin goge ƙasa,
ranar fenti ko feshin kyankyaso in yi aikina daga gida.
Mako bakwai takarda na hawa tana sauka.
Har taro aka yi a kan hancina,
ba a gayyaci mai hancin ba.

Da aka liƙa sanarwa, Uzoamaka ta ɗauke mini gaisuwa kwana uku.
Ran na huɗu ta miƙo wuyanta kamar mai jiran yanka,
ta ce, "To, sansana."
Ba komai. Muka yi dariya, ban yi tari ba.

Sai dai tun kafin kowa ya sa hannu,
Iya Mulika mai goge-goge
ta riga ta koma wanke gefena da ruwa zalla.
Ba wanda ya ce mata.
Na sha jin ta a bayan gida tana tari cikin haɓar zane,
bokiti na tururi a gabanta.
'Yar kwangila ce, fom bai san sunanta ba.
Jiya na buga mata kwafi ɗaya.
Ta juya shi, ta ninke huɗu,
ta ce bari ɗanta ya karanta mata tukuna.

Ran Asabar na je Agege.
Na daina shiga ɗakin da aka haife ni,
a tsakar gida muke haɗuwa, kusa da famfo.
Inna ta fito da zanen da ta wanke sau biyu,
ta shanya nesa da kasko.
Ko ɗigo ba ta shafa ba,
ita da ke cewa mace ba turare miya ce ba gishiri.
Ta rungume ni.
Gumi, albasa, ɗan sabulu, rana.
Shekara talatin da huɗu
ban taɓa jin ƙamshin uwata ita kanta ba.
Na ja numfashi.
Ya sauka har ƙasa.